Kwamfuta Mai Araha Da 'Yan Makarantar Sabon Garin Minna

Tun ran da Ministan Ilmi na Tarayya, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwa cikin watan Afrilu na 2025 cewa Gwamnati tana nufin a mai da jarrabawar fita sakandare ta WAEC da ta NECO bisa kwamfuta, hankalin iyaye da malaman makaranta bai kwanta ba. Ko da yake Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta al'amarin cikin watan Nuwamba na shekarar, kowa ya san inda aka dosa, domin Hukumar JAMB ta riga ta yi sallama da takarda da fensir tun 2015. A Minna maganar ta fi zafi, don kuwa a nan hedkwatar NECO take, hukumar da aka kafa cikin 1999. Yaron da ke zaune a unguwar Sabon Gari gari ɗaya yake da ofishin da ake shirya masa jarrabawa, amma mai yiwuwa ne ya kai aji shida na sakandare bai taɓa ɗora yatsa bisa allon haruffan kwamfuta ba.

A cikin wannan hali ne wasu suke ba da shawara cewa mafita tana ga wata 'yar na'ura mai araha wadda ake kira Raspberry Pi. Ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Bosso da Gidan Kwano sun daɗe da saninta, musamman masu koyon aikin injiniya, amma yawancin iyaye ba su taɓa jin sunanta ba, saboda haka ya kyautu a fara bayyana ko mece ce.

Wani ɗan faifai ne kore, girmansa bai wuce na katin cirar kuɗi a banki ba, amma a kansa an dasa duk abin da ke sa kwamfuta ta amsa sunanta, watau ƙwaƙwalwa da ma'adanar aiki da kafofin da ake soka wayar talabijin da ta allon haruffa. Wani malami a Jami'ar Kambirij ta Ingila mai suna Eben Upton shi da abokan aikinsa suka ƙago ta, bayan sun lura samarin da ke neman shiga sashen ilmin kwamfuta suna raguwa, waɗanda suke zuwa kuma ba su san cikin na'urar kamar na da ba. An fara sayar da ita ran 29 ga Fabrairu, 2012, a kan dala 35. Yawancinta ana ƙera shi ne a wata masana'antar Sony da ke yankin Wels, kuma kafin 2024 an sayar da fiye da guda miliyan 60. Ƙira ta biyar ta fito cikin watan Oktoba na 2023, mai ma'adanar giga 4 a kan dala 60, mai giga 8 a kan dala 80. A watan Disamba na 2025 kuma aka fitar da wata ƙarama mai giga 1 a kan dala 45, tare da shelar ƙarin farashi a kan manyan, saboda ma'adana ta yi tsada a kasuwar duniya.

Masu goyon bayanta ba sa rasa hujja. Sukan ce sabuwa ce fil, ba wanda ya taɓa wahalar da ita a wata ƙasa. Ba ta shan wuta, domin 'yan wat ƙalilan sun ishe ta, alhali kwamfutar tebur takan sha wat ɗari ko fiye. Manhajarta, wadda aka gina bisa Linux, kyauta ce, ba a biyan lasin, kuma ba a buƙatar sayen ta sata. In yaro ya ɓata manhajar da ɓarna irin ta yara, sai a zare katin memori a sake zuba masa wata, cikin rabin sa'a an koma aiki. Duk wannan gaskiya ne, babu wanda ya isa ya musa.

To, amma fa akwai lissafi, kuma a wurin lissafin ne maganar araha take fara rauni.

Cikin 2012 ana canja dala a kan kimanin Naira 160. Dala 35 ke nan ta kama kusan Naira 5,600, a lokacin da mafi ƙanƙantar albashi yake Naira 18,000. Leburan gwamnati zai iya sayenta da ƙasa da sulusin albashinsa na wata guda. Bayan da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yuni na 2023, dala ta yi tashin gwauron zabo har ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. A bisa wannan canji dala 60 ta zama Naira 90,000, watau ta zarce mafi ƙanƙantar albashi na Naira 70,000 da aka zartar cikin 2024, ta kuma zarce Naira 80,000 da Gwamna Umaru Bago ya amince a biya ma'aikatan Jihar Neja. Mutanen da suka tsare hanya a Kpakungu cikin watan Fabrairu na 2024 suna kukan tsadar abinci, ba su ne za a zo wa da dala 60 a ce musu araha ce ba. Baturen da ya sa mata wannan suna da aljihunsa ya auna.

Har ila yau, dala 60 ɗin kuɗin faifan ne tsirara a farashin 2023. Ba ya tashi sai da caja tasa ta musamman mai wat 27, wadda kamfanin ya sa wa dala 12, don cajar waya ta yau da kullum ba ta cika ɗaukar ƙira ta biyar yadda ya kamata ba. Sai akwati mai fanka, dala 10. An kai dala 82 ke nan, watau Naira 123,000 a canjin da aka ambata, ba a sa kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. Kuma har yanzu babu katin memori, babu allon haruffa, babu linzami, uwa-uba babu gilashin da za a kalla. Wanda yake da talabijin ta zamani a gida zai iya jona ta, in dai mutanen gida sun yarda su haƙura da kallo. Makarantar da take son zaunar da yara talatin kuwa tilas ta sayi gilashi talatin, kuma kowane ɗaya daga cikinsu ya fi faifan shan wuta ninki biyu ko uku. Idan aka tara duka, sau da yawa kuɗin yakan yi kafaɗa da kafaɗa da na kwamfutar cinya ta gwanjo, wadda take zuwa da komai nata a jikinta.

Daga nan sai batun wuta. Jihar Neja ce ke da madatsun ruwan Kainji, wanda aka gama cikin 1968, da Jebba na 1985, da Shiroro na 1990, da kuma Zungeru wanda aka kammala cikin 2023. In duk injunansu suna juyawa za su iya ba da fiye da megawat 2,600. Duk da haka mai shago a Sabon Gari bai san sa'ar da za a kawo wuta ba, bai san sa'ar da za a ɗauke ba, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Wannan ya shafi faifan ta wata hanya da masu tallarsa ba su cika faɗa ba. Ba shi da batir ko kaɗan, kuma dukan manhajarsa tana kwance ne a kan katin memori irin na waya. Idan aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu a kan katin, abin da yaro yake yi ya tafi, wani lokaci kuma katin ya rikice, na'ura ta ƙi tashi sai an sake zuba mata manhaja. A ƙasar da aka ƙera ta ɗauke wuta abin labari ne. A nan kuwa dole a haɗa ta da batir da farantin hasken rana ko janareto, kuma tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kowane shugaban makaranta ya san abin da janareto yake ci.

Zafi ma yana da nasa rabon. Ƙwaƙwalwar faifan takan rage gudu da kanta idan zafinta ya haura digiri 80, don kada ta ƙone. A watan Maris, sa'ad da zafin Minna yake kusantar digiri 40 a inuwa, cikin aji mai rufin kwano ba silin, fanka ta zama wajibi, fanka kuwa ita ke zuƙo ƙurar hunturu ta tara a ciki.

Masu ra'ayin gwanjo, waɗanda yawancinsu masu gyara ne da 'yan kasuwa irin na rukunin shagunan Obasanjo da ke kusa da shataletalen Mobil, su kuma cewa suke da tsohuwar zuma ake magani. Tsohuwar Dell ko HP ko Lenovo wadda ta yi shekara biyar a wani ofishi a Turai an ƙera ta ne don wahala. Tana da gilashinta da allon haruffanta, tana da batir wanda ko ya tsufa yakan ba yaro damar adana aikinsa in wuta ta tafi. Abin da ya fi wannan duka muhimmanci shi ne akwai mai gyaranta a gari. In gilashi ya fashe ko fanka ta tsaya, akwai wata matacciya irinta a ƙarƙashin teburin mai gyara da za a ciro kayan daga jikinta, in babu a aika Ikeja a kawo cikin kwana biyu. Faifan nan kuwa kusan komai nasa a like yake da dalma, in ƙwaƙwalwarsa ta ƙone gyaransa shi ne sayen wani. Daɗin daɗawa, tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, ofisoshi da yawa a ƙasashen Turawa suna rabuwa da injuna masu ƙoshin lafiya don kawai ba za su ɗauki sabuwar manhaja ba. Irin waɗannan in aka zuba musu Linux za su yi wa makaranta aiki shekaru.

Sai dai gwanjo gwanjo ne. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumomin ƙasar nan a tashoshin jiragen ruwan Ikko cikin 2015 da 2016 ya gano cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki suke shigowa a shekara, kuma aƙalla tan 15,000 daga ciki ba ya aiki tun daga can. Uban da ya tafi saye shi kaɗai bai san batir mai rai da matacce ba, yana iya komowa gida da shara a cikin jaka. Kamata ya yi ya tafi da wanda ya san kan abin, a kunna a gabansa, a zare caja a ga minti nawa za ta yi, a danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma faifan ƙasar Sin, irin su Orange Pi da Banana Pi, waɗanda ake ƙerawa a can a sayar da rahusa, wasunsu ma sun fi na Ingila ƙarfi a kuɗi ɗaya. Matsalarsu ita ce manhaja da littattafan koyo ba su kai na wancan yawa da inganci ba, kuma in an maƙale ba a cika samun wanda ya taɓa warware irin matsalar ba. Ɗalibin jami'a mai haƙuri zai iya da su. Malamin firamare wanda aka ba horon mako guda ba zai iya ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Dalilin da ya sa wannan fili ya tsaya a kan maganar shi ne an taɓa bin wannan hanya, kuma ba da nisa da Minna ba. Cikin 2005 wani shehun malami na Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin ba kowane yaro kwamfutar cinya a kan dala 100. An nuna samfurinta a Tunis cikin watan Nuwamba na shekarar, har marfin da ake juyawa don cajinta ya ɓalle a hannun Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, a gaban 'yan jarida. Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka nuna sha'awa a zamanin mulkin Shugaba Olusegun Obasanjo, har aka yi ta maganar za ta sayi miliyan guda. Cikin 2007 aka raba kimanin 300 ga 'yan makarantar firamare ta Galadima, wadda ke gefen hanyar Kubwa, hanyar da matafiyi daga Minna yake bi in ya wuce Suleja zai shiga Abuja.

Yara sun yi murna, sun kuma koyi sarrafa ta da sauri fiye da malamansu. Amma kafin shekara ta ƙare wasu sun lalace, wasu sun ɓace, wutar caji ta zama aiki, kuɗin intanet ya zama nauyi, kuma farashin da aka ce dala 100 ne ya koma kusan dala 188. Ministan Ilmi na lokacin, Dokta Igwe Aja-Nwachukwu, ya fito fili ya tambayi hikimar raba wa yara kwamfuta alhali ba su da kujerun zama. Miliyan ɗin nan ba a taɓa sayensa ba. Ƙasar Peru kuwa ta saya, fiye da guda 800,000, kuma da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya bincika makarantu 319 ya fitar da rahoto cikin 2012, sai ya tarar yaran sun iya kwamfuta, amma sakamakonsu a lissafi da harshe bai ƙaru ba. Na'urar ba ta yi laifi ba. An kawo ta ne aka ajiye, ba a tanadi malami da mai gyara da kuɗin shekara ta biyu ba. Duk wani ɗan kwangila da zai shiga Ma'aikatar Ilmi ko ofishin Ƙaramar Hukumar Chanchaga da ɗan faifai a tafin hannu yana cewa ga kwamfutar dala 45, ya kamata a tuna masa da Galadima kafin a ba shi kujera.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa faifan ba shi da gurbi a Sabon Gari. Yana da shi, gurbi mai daraja kuwa, sai dai ba wanda ake yi masa talla ba. A gefen faifan akwai wasu 'yan ƙarafa guda 40 jere kamar haƙoran matsefi, waɗanda babu su a jikin kowace kwamfutar cinya. Ta nan ne ake jona shi da abubuwan duniya: ma'aunin ruwa a tanki wanda zai kashe famfon burtsatse in ya cika, ma'aunin zafi a akwatin ƙyanƙyasar ƙwai, makunnin fitila, ƙaramar kyamara a ƙofar shago. Kamfanin da kansa ya bayyana, lokacin da ya shiga kasuwar hannun jari ta Landan cikin watan Yuni na 2024, cewa kimanin kashi bakwai cikin goma na abin da yake sayarwa masana'antu ne suke saye su dasa cikin injunansu. Sabon Gari kuwa unguwa ce ta masu sana'a, cikin garin da ya girma a gindin tashar jirgin ƙasa. Yaron da yake koyon gyaran rediyo ko waya ko haɗa wutar gida, wanda ya riga ya saba da dalma da ma'aunin lantarki, shi ne ya fi kowa cancantar a damƙa masa wannan faifai. Shi ma ba lalle sai babban faifan ba. Akwai ƙaninsa Pico wanda ya fito cikin 2021 a kan dala 4, akwai Arduino na Italiya wanda ake ta kwaikwayonsa da rahusa, kuma ko wannensu ya isa ya kunna famfo ya kashe. Abin da ya rage shi ne jami'ar da aka kafa a garin tun 1983 don fasaha, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Bida, su buɗe ƙofa ga waɗannan almajiran sana'a ko da a lokacin hutu ne, maimakon kayan da ɗalibai suka haɗa a shekarar ƙarshe su ƙare a kan kanta suna shan ƙura.

Gurbi na biyu shi ne laburare. Faifai guda ɗaya tak, da ƙaramin batir da faranti, ana iya zuba masa manhajar Kiwix wadda take ɗauke da Wikipedia ta Turanci da ta Hausa da littattafai masu yawa, a rataye shi a bangon ofishin shugaban makaranta. Ba ya buƙatar gilashi, ba ya buƙatar intanet. Duk waya ko kwamfutar da ke kusa za ta iya kama shi ba tare da igiya ba, ta karanta abin da ke ciki ba a kashe ko kwabo na data ba. A nan ƙarancin shan wutarsa ya zama riba ta gaske, kuma tun da yana kan batir, ɗauke wuta ba ya taɓa katinsa. Faifai ɗaya ga makaranta, da tsofaffin kwamfutocin cinya goma ko ashirin da aka tantance, ya fi faifai talatin da za su kwana a sito suna jiran gilashi.

Game da jarrabawar da ta ta da hankalin iyaye kuwa, ya kamata a rarrabe abu biyu. Tambayoyin zaɓi irin na JAMB ba sa buƙatar gwaninta, domin da 'yan haruffa ake amsa su: A da B da C da D don zaɓar amsa, N don matsawa gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki. Yaron da ya zauna gaban na'ura sau biyar ko shida tsoro zai sake shi. Rubutun insha'i shi ne babban aiki, domin yaron da yake neman harafi da yatsa ɗaya zai ga lokaci ya ƙare bai cika rabin shafi ba, ko da ya fi kowa sanin amsa. Wannan sai da watanni ana bugawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan da ba shi da halin sayen kwamfuta kowace iri, in akwai wayar Android a cikinsa, ana iya sayen allon haruffa na gwanjo da 'yar igiyar da ke jona shi da waya, yaro ya jingina wayar da bango ya riƙa koyon bugu kullum bayan la'asar.

Akwai kuma wani abu da ya kamata hukumomin jarrabawa su warware tun da wuri, tun da Hausa tana cikin darussan da ake rubutawa a WAEC da NECO. Allon haruffan da ake sayarwa a kasuwa, sabo da na gwanjo, ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai an saka masa tsari na musamman an kuma koya wa yaro inda zai same su. Idan ba a fitar da tsari guda an aika wa makarantu ba, ɗalibin da ya yi nufin rubuta ƙasa zai rubuta kasa, wanda ya yi nufin ɓari zai rubuta bari, mai duba takarda kuma ya rage masa maki.